Hukuncin Taron Shekara Don Tunawa da Mahaifiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Marwa ta ƙasar Kamaru nake. Hajiyarmu ta rasu bara, ta bar mu mu shida da jikoki masu yawa. Yayyena suna son a haɗa kuɗi a yi taro ranar cikar shekararta, a yanka bijimin sa, a faɗa wa jikoki tarihinta. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa Aljanna ce makomarta.

'Yar'uwa, ba da labarinta halal ne, har ma ina kwaɗaitar da ku. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana yawan ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Muslim ya ruwaito cewa ya ziyarci ƙabarin mahaifiyarsa, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. To ku zaunar da jikoki ku gaya musu yadda take tashi kafin asuba, da wanda take ajiye wa ƙwaryar fura. Ku rubuta ma, kada ya ɓace. Sharaɗi dai a faɗi gaskiya, ban da kururuwa da kambamawa.

Amma ware rana duk shekara da yanka da girki, wannan ba a samo shi daga Sahabbai ba. Jariru ɗan Abdullahi ya ce suna ƙirga taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa cikin kukan mutuwa da aka hana, kamar yadda Ibnu Majah ya kawo. Akwai malaman da suka sassauta idan niyyar sadaka ce zalla, ina girmama su, sai dai ni ban ga a mayar da shi al'ada ba. Na sha ganin gidan da aka ci bashi saboda kunyar idon jama'a, tukwane suka huce, bashin yana nan. Idan kuwa daga gādo za a ciro kuɗin alhali akwai maraya cikin magada, haramun ne, babu saɓani.

Ga abin da zuciyata ta fi natsuwa da shi. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. Abu Dawuda ya ruwaito. Ke kin san Marwa a watan Afrilu, mayo, wato kogi, ya ƙafe, yara na tonon yashi da jarka a gefe. Kuɗin bijimin nan ku tara su, ko sefa nawa ne, a sa a rijiya ko famfon unguwa. In tana da bashi a fara da shi. In ƙanwarta na raye ku riƙe ta, domin hadisin Bukhari ya ajiye 'yar'uwar uwa a matsayin uwa.

Wallahu a'alam.