Ƙididdigar ɗana a besbol ta faɗi warwas: in biya mai gyara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, birnin New York, ɗana mai shekara 15 yana buga wa makarantarsu besbol. Farkon kaka AVG ɗinsa (yawan bugun da ya samu a raba da yawan tsayuwarsa) .400 ne, amma a wasanni uku na baya ya tsaya gaban mai jifa sau 12 bai samu bugu ko ɗaya da ya kai shi zango ba, yanzu ya koma .298. Yaron ko abincin kirki ba ya ci. Wani koci mai zaman kansa ya ce hannunsa ne ya lalace, in kawo shi ya sake masa salon bugu, dala 100 kowane zama. In biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna, mu fara buga lissafin.

Daga lambobin da ka bayar, yaron ya samu bugu 14 a tsayuwa 35, shi ne .400 ɗin. Ƙara 12 na banza, ya zama 14 cikin 47, wato .298. A wannan adadin, bugu ɗaya tak yana ɗaga shi da kusan maki 21. Da ƙwallo biyu cikin waɗanda aka cafke sun zame wa mai tsaro, da yau yana .340, da kuma ba ka rubuto mini ba.

Wannan ita ce cutar da nake fama da ita kullum wurin iyaye: a ɗauki tsayuwa goma sha wani abu a yanke wa yaro hukunci. Ɗauki gwani mai .300 na gaske. A kowace tsayuwa, yiwuwar ya koma hannu rabbana kashi 70 ce cikin ɗari. Ninka 0.7 da kansa sau huɗu, wato tsayuwa huɗu na wasa ɗaya, za ka samu 0.24, ma'ana kusan wasa ɗaya cikin huɗu zai tashi ba bugu, alhali lafiyarsa ƙalau. Ninka sau 12 kuwa, kusan ɗaya cikin 72 ne. Ka ga kamar da wuya, amma a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ana wasa 162 a kaka, mutum ya tsaya sau ɗari biyar da ɗoriya, don haka irin wannan fari kan afka wa gwanin kamar sau biyu a kaka. Shahararren ɗan wasa Willie Mays da ya shigo gasar a 1951, tsayuwarsa 12 ta farko bai samu komai ba, daidai da ɗanka. Ta 13 ce ya yi wa gwanin jifa Warren Spahn hom ron, wato bugun da ke ba mutum damar zagaye duk zanguna ya ci maki. Da a unguwarku yake, da tuni wani ya karɓi dala ɗari ya gyara masa hannu.

Shi ya sa MLB ta sa ƙa'idar zuwa gaban mai jifa sau 502 ga mai neman kambin AVG. Tazarar mai .250 da mai .300 a tsayuwa 500 bugu 25 ne kacal, a wata shida. Kakar sakandare gaba ɗaya ba ta cika kai yaro tsayuwa ɗari ba. Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka, .400 ɗin farko ma ba shi ne ainihin yaron ba. Tun da Ted Williams ya gama kaka da .406 a 1941, babu wanda ya sake kai .400 a American League ko National League, rukunoni biyu na MLB. Matsakaicin gasar a 'yan shekarun nan tsakanin .240 da .250 yake yawo.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu gyaran nan sun san lissafin sarai. Sun san farin zai wuce ko an taɓa yaro ko ba a taɓa ba. Sai su jira uba ya rikice, su karɓi kuɗin zama biyar, yaro ya samu bugu uku a mako mai zuwa kamar yadda dama zai samu, su ce aikinsu ne. Bokan da ya ga hadari ya haɗu sannan ya yi alkawarin ruwa ke nan. In an yi rashin sa'a kuma, a canza wa yaro tsayuwar ƙafa da riƙon sanda a tsakiyar kaka, ya shiga fili yana tunanin gwiwar hannu maimakon kallon ƙwallo, nan ne lalacewar gaske take farawa. Akwai kociyoyi nagari, amma nagari zai ce a kawo bidiyo ya gani kafin ya ambaci kuɗi. Wannan naka ya taɓa ganin yaron a fili kuwa?

Kar kuma ka faɗa ɗaya ramin, na masu cewa tunda ya yi asara 12 dole na gaba ya ci. Ƙwallo ba ta riƙe bashi. Da wannan tunanin 'yan caca suke tsiyacewa.

In lamba kake so, duba OBP, don AVG ba ya ƙirga tafiyar kyauta (wucewa zangon farko idan mai jifa ya kauce sau huɗu), OBP kuwa yana ƙirga duk sanda yaro ya isa zangon farko da bugu, ko kyauta, ko ƙwallo ta same shi. Sannan ka nemi littafin wasa wurin kocin makaranta, ka bi 12 ɗin ɗaya bayan ɗaya: sau nawa aka fitar da shi bai taɓa ƙwallo ba, sau nawa ya maka ta da ƙarfi ta faɗa hannun mai tsaro. In na biyun ya fi yawa, ka kai shi ya ci tuwo da miyar kuka, ka ba shi labarin Willie Mays. In kuwa yana ta kai wa ƙwallayen da suka kauce sara, kocin makaranta ne zai fara dubawa, kuma ba ya karɓar ko sisi.