Ga ɗan uwan da aka gayyata sharhin ƙwallon 'yan sakandare a rediyo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na ga tambayarka tun da safe, na bari sai na taso daga aiki in amsa maka a tsanake. Ka ce kana karatu a wani ƙaramin gari a nan Amurka, gidan rediyon da kake ɗan taya su aiki sun nemi ranar Juma'a ka bi mai sharhinsu zuwa filin makarantar sakandare ka zama mataimakinsa, kai kuma ba ka san kan ƙwallon Amurkawa ba, har kana tunanin ba su haƙuri. Kada ka ba su haƙuri, ka je. Na yi wannan aikin kakar wasa shida a wani ƙaramin gari a jihar Ohio. Daga situdiyo na fara, ina saka talla, kafin a ba ni kujera a ɗakin 'yan jarida da ke saman filin, kuma ranar da na fara ban fi ka sanin wasan ba.

Kafin dokokin wasa, ka fara sanin wa ke sauraronka. Duk mai ƙafar zuwa fili ya riga ya je, yana zaune a kan benci. Wanda ya kunna rediyo shi ne wanda zuwa ya gagara: tsohuwar da ke gidan kula da tsofaffi, uba direban babbar mota da dare ya yi masa a hanya, uwa mai aikin dare a asibiti, manomin da ke cikin motar girbi a watan Oktoba yana kwashe masara da waken suya. Kusan kowannensu akwai yaro ɗaya a filin nan da yake kasa kunne ya ji sunansa. Daren Juma'a a garuruwan nan na yaran ne, har doka ta san da haka. Wata dokar tarayya ta 1961, da aka yi wa ƙari a 1966, ita ta sa gasar ƙwararru ta NFL ba ta saba saka wasanninta a talabijin daren Juma'a ba, daga Juma'a ta biyu a Satumba zuwa tsakiyar Disamba.

Saboda haka aikinka na farko sunaye ne. Tun ranar Talata ka nemi jerin 'yan wasa na makarantun biyu daga daraktan wasanni na kowace makaranta. Ka kira kocin baƙi, ko wani a ofishinsa, ya karanta maka sunayen ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana rubutawa yadda kunnenka ya ji, ko da da rubutun Hausa ne. A yankin da na zauna sunayen asalin Jamus da Poland sun yi yawa, kuma yadda ake rubuta su daban, yadda iyalin ke faɗa daban. A kakata ta biyu na yi rabin wasa cur ina karya sunan wani yaro mai tsaron baya. A lokacin hutu kakarsa ta bugo waya situdiyo. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi sunan marigayi mijinta ne, shekara uku tana jiran ranar da za a saka jikan nata a wasa ta ji an ambace shi. Mu da muka san zafin a murɗe mana suna a ofis da asibiti, mu ya fi kamata mu kiyaye wannan. Sannan lokacin da yara ke motsa jiki kafin a fara, ka sauka ka duba lambobin riguna da idonka, domin yaro kan canja riga a ranar wasa, takarda kuwa ba ta sani ba.

Wasan kansa bai kai yadda kake jin tsoronsa ba. Mutum 11 ne kowane ɓangare, fili yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun samu, a sabunta musu huɗun, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga da ita yankin ƙarshe ya ci maki 6, bugun da ke biyo baya maki 1, in kuma suka zaɓi sake shiga da ita maki 2. Bugun da aka yi daga fili ya ratsa tsakanin turaku maki 3. A sakandare zango huɗu ake yi, kowanne minti 12, ba 15 irin na jami'a da ƙwararru ba. Ka dai tambayi abin da ya shafi jiharka, don Texas, alal misali, dokokin jami'a take bi da 'yan gyare-gyare.

Abin da ya ba ni wahala shi ne salon magana. Mun taso da sharhin ƙwallon ƙafa irin tamu, inda ƙwallo ke yawo mai sharhi na bin ta da baki ba ya ko haɗiyar yawu. Nan ba haka ba ne. A fara, a yi 'yan daƙiƙu ana turereniya, alƙali ya hura usur, sai a samu tazarar da kan kai daƙiƙa 40 kafin a sake. Daga lokacin da yara suka jeru har usur, filin magana na babban mai sharhi ne, kada ka sa masa baki ko da ka ga abin mamaki. Naka rabon yana cikin tazarar: jimla ɗaya ko biyu, wa ya buɗe hanya, wa ya kayar da mai gudu, sai ka yi shiru da zarar sun sake jeruwa. Ga sabon shiga ma, hannunka ya fi bakinka amfani. Ka riƙe tabaron hangen nesa, ka ga lambar wanda ya yi kayen, ka ɗora yatsa a kan sunansa a takarda, mai sharhi ya karanta. Ka rubuta yadin da kowa ya samu. In alƙali ya jefa ƙyallen nan rawaya, ka kalli alamar hannunsa ka rubuta wa abokin aikinka laifin da aka yi.

Kuma ku riƙa faɗin maki da sauran lokaci har sai kun ji kamar ya yi yawa. Mutum ya shiga mota ya kunna rediyo, abin da yake so ya ji ke nan kafin komai. Shahararren mai sharhin wasan besbol, Red Barber, agogon yashi na minti uku yake ajiyewa a gabansa, duk sa'ad da yashin ya ƙare sai ya faɗi maki ya juya shi. Mu ma haka muka riƙa yi, da agogon waya.

Kayan aiki ba zan daɗe a kansu ba, injiniyan tasha zai nuna maka. Yawanci ƙaramar na'ura ce irin ta Comrex ko Tieline da ke tura murya situdiyo ta intanet. Ku je awa biyu kafin lokaci ku gwada, amma kada gwajin ya ruɗe ku: sabis ɗin waya da ke da ƙarfi ƙarfe biyar yakan yi rauni idan fili ya cika kowa na riƙe da waya. Ku tanadi hanya ta biyu, ko da kiran waya ne kai tsaye. Ku rataya makirfo ɗaya ta taga don ihun 'yan kallo ya shigo, in babu shi sai a ji kamar daga ɗaki kuke karatu. A farkon kowace awa dole a faɗi sunan tasha da garin da aka ba ta lasisi, dokar FCC ce, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Amurka. Idan aka ga walƙiya ko aka ji tsawa ana dakatar da wasa, a jira minti 30 daga ta ƙarshe, don haka ka zo da abin faɗa a aljihu: tarihin karawar makarantun, sakamakon sauran garuruwa. A hutun rabin lokaci kada ku rufe 'yan badujalar makaranta da surutu, su ma iyayensu na saurare. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, ɗakin nan na sama ba ya da daɗi a Nuwamba. Batun salla kuwa, a wajenmu ƙarfe bakwai ake farawa. Ƙarshen Agusta magariba kan faɗo wajen hutun rabin lokaci, zuwa ƙarshen Oktoba kuwa kafin a fara. Na faɗa wa abokin aikina tun ranar farko, bai taɓa hana ni minti biyar ɗin ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Waɗannan yara ne, 'yan shekara 15 zuwa 18, ba a biyan su ko sisi, kuma ranar Litinin za su koma aji tare da waɗanda suka ji abin da ka faɗa. Idan ƙwallo ta kuɓuce wa yaro, ka faɗi abin da ya faru sau ɗaya, ka yaba wa wanda ya ƙwace ta, ka wuce. Kada ka ce shi ya jawo aka ci su. Kada ka koma kan kuskuren a zango na huɗu. Alƙalan ma mutanen yankin ne da suka taso daga wurin aikinsu suka zo. In kana ganin sun yi kuskure, ka faɗi abin da ka gani daga inda kake, ka bar shi nan.

Mafi nauyi shi ne rauni. Wani dare wani yaro ya kwanta bai tashi ba, masu jinya suka rugo. Na ga lambar, ko dai na ɗauka na gani, na buɗe baki zan faɗa. Abokin aikina, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya dafe hannuna ya girgiza kai. Ya ce wa masu sauraro akwai ɗan wasa a ƙasa ana duba shi, sai ya tafi talla. Da yaron ya miƙe, ashe ba lambar da na gani ba ce. Da na faɗa, da na tayar da hankalin wata uwa da ke can nesa ba ta da yadda za ta yi, a kan ɗan da lafiyarsa ƙalau. Tun daga ranar ba na ambaton wanda ya ji rauni sai na tabbatar sarai, ba na kuma hasashen abin da ya same shi, ni ba likita ba ne. Ka kuma ɗauka makirfo a kunne yake kullum, har a lokacin talla.

Akwai daren da za a yi wa ɓangare ɗaya kaca-kaca. A Ohio idan tazara ta kai maki 30 bayan hutun rabin lokaci, agogo ba ya tsayawa sai da dalili. A irin wannan lokacin muryar mai sharhi kan mutu, alhali a lokacin ne koci ke saka yaran da suka shafe kaka suna zaman benci. Wani wannan ne kaɗai wasan da zai buga a rayuwarsa. Ka san sunayensu kamar yadda ka san na gwanayen, ka kira su da ƙarfin muryar da ka fara da ita ƙarfe bakwai.

In ka samu jerin sunayen, ka turo min ta akwatin saƙo. Daren Laraba bayan isha'i ina gida, sai mu yi waya mu bi su tare.