Shaidar FSC ko izinin gwamnati?

Alhaji, ka ce mai sayen katakonka daga Turai ya nemi shaidar FSC (Forest Stewardship Council), wato takardar da ke nuna an saro itace daga dajin da ake kula da shi yadda ya kamata, kana tambaya ko ta maye gurbin izinin gwamnati. A'a. A gandun daji irin na Omo, gwamnatin jihar Ogun ce ke ba da izinin sara, ita ke kama ɓarayin itace. FSC kuwa ƙungiya ce mai zaman kanta tun 1993, ba ta kama kowa. Ƙarfinta a kasuwa yake, kuma kafinta a Agege ba zai tambaye ka shaidarta ba.

Kada hoton takarda da dillali ya turo ta WhatsApp ya ruɗe ka, duba lambarta a shafin FSC. Kafin ka biya, nemi jami'in gandun daji na jihar da aka saro itacen.