Yadda za a jawo hankalin jama'a zuwa ilmin sararin samaniya

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, kuma ina so in fara wani shiri da zai sa ɗalibai da mutanen unguwa su yi sha'awar ilmin taurari. Ba mu da ɗakin bincike, ba mu da kuɗi masu yawa. Wane irin shiri ne ya yi nasara a wasu wurare, kuma daga ina ya kamata mu fara?

Amsa: Malam, rashin ɗakin bincike ba zai hana ka komai ba, domin shirye-shiryen da suka fi tasiri a wannan fanni a bakin titi da filayen makarantu aka yi su. A ƙarshen shekarun 1960, wani mutum mai suna John Dobson ya riƙa fitowa da na'urar hangen nesa a titunan birnin San Faransisko na Amurka, yana kiran masu wucewa su zo su leƙa wata. Da hannunsa ya ƙera na'urar, da katako da bututun kwali da gilashin tagar jirgin ruwa, kuma har yau ana ƙera irinta ana kiranta da sunansa. Hikimarsa ita ce ya kai na'urar inda mutane suke, bai zauna yana jiran su zo wurinsa ba. A kan wannan tafarki aka gudanar da Shekarar Ilmin Taurari ta Duniya a 2009, wadda ta yi daidai da cika shekara 400 da Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya fara duban sama da na'urarsa a 1609.

Shawarata ita ce ka fara da wata, saboda babu abin da ke sama da jama'armu suka damu da shi kamarsa. Kowace shekara ana dakon sanarwar ganin watan azumi da na Salla, ana kuma muhawara a kan wanda ya gani da wanda bai gani ba, alhali mutane kaɗan ne aka taɓa yi wa bayanin cewa tsakanin jinjirin wata da na gaba kimanin kwana 29 da rabi ne, wanda shi ya sa wata yake yin kwana 29 ko 30. Ka zaɓi daren da wata ya kwana shida zuwa takwas, domin a lokacin ne inuwa take fito da ramuka da duwatsun da ke kansa. Daren sha huɗu, duk da kyansa, haske yakan yi yawa ya shafe su. Ko ƙaramin madubin hangen nesa na hannu ya isa wannan aiki, kuma idan aka ɗora shi a kan abin da ba ya motsi za a iya hango manyan watanni huɗu masu kewaya duniyar Mushtari (Jupiter), waɗanda Galileo ya gano a 1610. Zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal (Saturn) kuwa sai da na'ura mai ɗan ƙarfi.

Ka lura da yanayi, domin hazon hunturu yakan dushe sama, damina kuma ga gizagizai, saboda haka ƙarshen damina ya fi dacewa. An yi sa'a a wannan tsakanin ne ake yin Daren Kallon Wata na Duniya, a watan Satumba ko Oktoba, da kuma Makon Sararin Samaniya daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 1999. Haɗa taronka da waɗannan ranaku zai sauƙaƙa maka neman taimako daga sashen kimiyya na jami'ar da ke kusa da kai, ko daga NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya. Manhajar Stellarium kuma kyauta ce, tana nuna sunan abin da ke sama a kowane dare.

Akwai abin da na fi ba muhimmanci a kan kayan aiki, wato yardar iyaye da malaman unguwa. Da yawa idan sun ji maganar taurari sai tunaninsu ya tafi ga duba da bokanci, don haka tun kafin taron farko ka sami mai unguwa da liman ka bayyana musu cewa lissafin tafiyar rana da wata ne, irin wanda ake fitar da lokutan salla da alƙibla da shi. Ka kuma gayyato dattijon manomi ya yi wa yara bayanin taurarin Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, ya faɗi yadda suke gane lokaci da su, sannan kai ka ɗora da cewa Gamzaki duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Waɗanda suka shaida husufin ranar 29 ga Maris, 2006, da ya duhunta sassan Najeriya da Nijar da hantsi, su ma suna da labarin da yara za su saurara.

Gara ƙaramin zama sau ɗaya kowane wata da gagarumin biki sau ɗaya a shekara, kuma a tsara shi tsakanin magariba da isha'i ko jim kaɗan bayan haka, a ware wa mata da 'yan mata wurinsu domin iyaye su bar su su zo. Game da rana kuwa, kada a kuskura a bar kowa ya dube ta da na'ura ko da baƙin tabarau, domin tana iya ƙona ido nan take. A huda ƙaramin rami a jikin kwali, a bar haskenta ya sauka a kan farar takarda, a kalli hotonta a can.