Tsohuwar karaya ta dawo da ciwo: a yi tiyata ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekara 12 ke nan da na karye a idon sawu a hatsarin babur, aka yi mini ɗori a gida. Yanzu shekaruna 46, ƙafar kullum a kumbure take, ko masallacin unguwa zan je sai na tsaya hutawa. Likitan ƙashi ya ce gaɓar ta cinye, ya kawo shawarar a haɗe ƙasusuwan. In yarda?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Yawancin amosanin idon sawu daga tsohon rauni yake tasowa. In ƙashi ya ɗoru a karkace, ko da kaɗan ne, nauyin jiki sai ya taru a gefe guda, guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashin ya riƙa zaizayewa har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa.

Amma munin hoton ƙashi kaɗai bai isa a shiga tiyata ba. Ciwon ne ma'auni. Yana tashinka daga barci? Ya hana ka sana'a? Ka gwada sauran hanyoyin da gaske na wata 3 zuwa 6? Ina nufin rage ƙiba, takalmi mai tauri wanda ƙasansa ya lanƙwasa, abin ɗaure idon sawu, da gashin ƙashi. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, sai dai shan su kullum yana jawo olsa, yana taɓa ƙoda, kuma mutane da yawa suna saye a kemis ba tare da sanin haka ba.

Kafin ka sa hannu, nemi abu biyu. Hoton da za a ɗauka kana tsaye, domin na kwance yana ɓoye yadda gaɓar ta matse. Sai allurar kashe zafi a cikin gaɓar kanta: in ciwon ya lafa na 'yan awoyi, an gano tushensa. In bai lafa ba, wataƙila daga gaɓar da ke ƙasanta ne, wajen dunduniya, kuma aikin wannan daban ne.

A aikin haɗe gaɓa, ana kankare ragowar guringuntsin, a miƙe ƙafar daidai, a matse ƙasusuwan da sukurori 2 ko 3, wani lokaci har da farantin ƙarfe, su warke su zama ƙashi ɗaya. Zafin yana raguwa ƙwarai, amma idon sawun ba zai ƙara lanƙwasa sama da ƙasa ba. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta yiwu. Tsuguno a banɗaki da zaman tahiya su ne za su yi wuya. Ka tambayi likitan game da wannan kai tsaye. Akwai kuma sa gaɓar roba da ƙarfe, wadda ke barin motsi, sai dai ta fi tsada, tana lalacewa da shekaru, ba ta cika dacewa da mai shekarunka da ke aikin ƙarfi ba.

Jinyar aikin haɗe gaɓar ita ce jarrabawar. Kimanin mako 6 cikin filasta ba za ka taka ƙafar ko kaɗan ba, sannan wasu makonni 6 kana takawa sannu a hankali. Kumburi kan kai shekara. Ka tanadi mai kula da kai da abin da iyali za su ci na aƙalla wata 3.

Babbar matsalar ita ce ƙashin ya ƙi haɗewa, kamar mutum 1 cikin 10. Taba sigari tana ninka wannan haɗari saboda tana tsuke jijiyoyin jini, don haka mai sha ya daina tun makonni 6 kafin aiki. Sukarin da bai daidaita ba yana sa rauni ya yi ruwa. Bayan shekaru kuma, gaɓoɓin da ke maƙwabtaka kan gaji da ƙarin aikin da ya koma kansu.

A irin bayaninka, in an tabbatar da gaɓar kuma sauran hanyoyin sun gaza, ina goyon bayan aikin. Ba na gaggawa ba ne, kana da lokacin jin ta bakin likita na biyu, misali a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ka tafi da duk tsofaffin hotunanka.