Firinta ɗaya, kwamfuta uku: Windows, Mac da Linux

Malam, ka ce kana da firinta ɗaya kuma kana son kwamfutocinka uku su riƙa buga takarda da ita. Abu ne mai yiwuwa, kada ka sayi wata.

Fara duba ko firintar tana da Wi-Fi ko ramin wayar intanet. In akwai, haɗa ta kai tsaye da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, ka huta. Yawancin firintocin yanzu suna jin yaren IPP, wato tsarin aika wa firinta aiki ta Wi-Fi ko wayar intanet, kwamfutocin ukun kuma duk sun san shi. Mac kan gano ta da kanta ta hanyar AirPrint, tsarin bugu na kamfanin Apple.

In kuwa ta USB ce kawai, shawarata ka jona ta da mai Linux. Can akwai CUPS, manhajar da Mac ma ke amfani da ita wajen bugu. Buɗe burauza a mai Linux ɗin, rubuta localhost:631, wato adireshin shafin saitin CUPS, ka kunna raba firinta. A Windows sai ka ƙara firinta da adireshi: http://, lambar IP ta mai Linux (lambar da rauta ke ba kowace na'ura don a gane ta), :631/printers/, sannan sunan firintar. Jona ta da Windows ma yana aiki, amma nan ne ake shan wahalar kalmar sirri da direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta), shi ya sa ba na so.

Abin da ya taɓa cinye min yini guda: rauta ta sauya lambar IP, takardu suka taru a layi, firinta shiru. Don Allah ka shiga saitin rauta ka kafe lambar IP ta firintar, ko ta kwamfutar da aka jona mata. Kuma kwamfutar da aka jona wa firintar dole ta kasance a kunne lokacin bugu.