Amsa kan GPS ɗin keken hawan dutse

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ji saƙonka, kana tambaya wane GPS, wato na'urar nuna hanya, za ka ɗaura wa keke tunda ka fara binmu duwatsun Shere da ke kusa da Jos. To bari in yi maka da baki, rubutu zai yi tsawo.

Kada taswirar da ke cikin na'urar ta ruɗe ka. Kamfanin Garmin sun yi tallar na'urarsu Edge 530 da Trailforks a ciki, wato hanyoyin keken dutse da aka riga aka zana, amma wannan Turai da Amurka ya fi yi wa amfani. Mu nan burtali muke bi da 'yar hanyar masu itace, yawancinsu babu su a taswira. Kuma in daga Ingila aka kawo maka ita, taswirar Turai ce a ciki, sai ka nemo ta Najeriya daga OpenStreetMap, wato shafin taswira na kyauta a intanet, ka loda da kanka.

Abin da za ka tambaya shi ne: tana karɓar fayil ɗin GPX? Wato wani ya bi hanya, ya turo maka, layin ya fito a fuskar na'urar kana binsa. Sannan tana iya mayar da kai ta sawunka zuwa inda ka taso? Wallahi wannan ya taɓa fitar da ni, magariba ta kawo jiki, duk duwatsun sun koma iri ɗaya. Kuma ba ruwanta da sabis ko data, da tauraron ɗan'adam take magana.

Ni dai mai maɓalli na fi so, irin Edge 530 ɗin. Mai shafawa irin Edge 830, ga gumi, ga safar hannu, ga gargada, sai ka yi ta dangwala tana yin abin da ta ga dama. 530 ɗin tun 2019 ta fito, batirinta na kai wajen awa 20, ta hannu ma ta ishe ka. In aljihu da nauyi, Edge 540 ta 2023 ta fi riƙe sigina a cikin kwazazzabo. Bolt ta kamfanin Wahoo ma ba laifi, ta waya ake saita ta.

Af, kada ka ɗaura ta a ƙarfen nan mai miƙowa gaba irin na masu keken kwalta, faɗuwa ɗaya ta fashe. Sa ta a wuyan keke, ka ɗaure da 'yar igiyarta. Ranar Asabar ka tuna mini in tura maka fayil ɗin Shere.